Daga Ƙwarya zuwa Almuwar: Tarihin Kayan Ɗaki a Ƙasar Magariya da Dungas

A wajenmu in aka ce mata sun tafi jere, kowa ya san inda suka nufa: ɗakin da amarya za ta tare, za su shirya mata kayanta. Kalmar daga aikatau "jera" ta fito, wato a ajiye abu kusa da abu, ko bisa abu, bi da bi. To amma yau in ka bi masu jeren nan, da wuya ka tarar suna jera wani abin kirki. Kafinta ne zai zo ya haɗa gado, samari huɗu su ciccibi almuwar su jingina ta da bango, a shimfiɗa leda, a rataya labule, sannan mata su shigo da guɗa. Aikin ya sake, sunan yana nan inda yake. Mu masu karatun kimiyyar harshe irin wannan kalma muke so, don tana riƙe da abin da masu faɗinta suka manta.

Abin da nake son mu bi sawunsa, ƴan'uwana ɗalibai, shi ne lissafin da ke bayan jeren: wa yake tsara shi, wa yake biya, da wane kuɗi, kuma cikin shekara nawa. Mu samari mun iya zama a fada mu ce iyaye mata sun tsawwala, almubazzaranci ya yi yawa. Kafin mu yanke hukunci, bari mu ga ta ina aka biyo.

A ƙarni na 19, lokacin da Dungas da Waca suke cikin ƙasashen Sosebaki da sarakunan Damagaram suka mamaye, kuɗin da ke yawo a kasuwa wuri ne. Ita kanta kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Amma ɗakin amaryar talaka bai dogara da wuri sosai ba. Ango da ƴan'uwansa su ne da gini: su kwaɓa ƙasa, su tayar da bango zagaye, su ɗora jinka. In gidan masu hali ne, shigifa da azarar giginya. Mata kuma su taru su yi daɓe, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. Ladan masu daɓe fura ce da tuwo, da sanin cewa gobe in naki ya tashi za a zo miki.

Abin da za a zuba cikin ɗakin kuwa na uwar amarya ne. Ƙwarya manya da ƙanana, masaki, ludayi, akushi, faifai, tabarmar kaba, tulu, randa, zanen saƙi. Ku duba jerin nan da kyau. Duma a bayan gida ake shuka shi, a bar shi ya yaɗu bisa danga. Kaba tana daji. Auduga tana gona, kaɗi kuma aikin dare ne na kowace mace. Abin da ba ta iya yi da hannunta, kamar akushi da tulu, sai ta yi furfure da hatsi ko ta sayar da zare ta saya. Ke nan kasafin kayan ɗaki a wancan zamani da shekaru ake auna shi. Tun ana yaye ɗiya uwa take fara ajiya, bana ƙwarya biyu, baɗi faifai uku, har ranar da za a fito da su. Wanda yake son ganin yadda irin wannan hidima take a bakin macen da ta rayu cikinta, ya nemi littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954. Ita Baba ta ƙasar Zazzau ce, amma da yawa cikin abin da ta faɗa kakanninmu za su ce haka nan ne.

Sai Turawa suka zo. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, tsakanin 1906 da 1908 kuma aka bi daji ana kafa alamun iyaka tsakaninsu da Ingilishi. Layin ya bar Magariya da Dungas a hannun Faransa, Daura da Ɓaɓura da Gumel da Maigatari a hannun Ingila, alhali kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi. Haraji ya koma na tsabar kuɗin Bature, wuri ya mutu. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta samu hanyar teku. Ƙasarmu ta jigawa ce mai karɓar gyaɗa, saboda haka cikin ƴan shekaru Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren awonta a Nijar. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna saye ta nan, na Ingila irin su UAC da John Holt suna saye ta can, manomi kuma ya duba inda farashi ya fi ya kora jakinsa.

Kantin da yake sayen gyaɗa shi ne yake sayar da atamfa da fitila da kwano. Nan ne jere ya sake kama. Kwanon ƙarfe mai fenti, fari da zanen fure ja da shuɗi, ya fara zuwa daga Turai, daga baya daga Hong Kong, kafin ƴan kasuwar Hong Kong ɗin su kafa masana'antunsa a Legas da Kano wajen shekarun samun mulkin kai. Tasa, langa, fanteka, samira, kowanne da girmansa da murfinsa. Aka riƙa ɗora su bisa juna, babba a ƙasa, ƙarami a sama, layi-layi har su kusa taɓo rufi. Goggona ta ce a zamaninta in ka shiga ɗakin amarya da fitila da dare, bangon nan ƙyalli yake kamar an kunna wuta goma.

A nan nake son in daɗe, don nan ne mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Mai kallo daga waje yana ganin kwano sittin da ba a cin abinci a ciki, sai ya ce ado ne kawai. Ado ne, ba musu. Amma ku yi tunanin macen ƙauye a 1960: ba ta da asusu a banki, gonar gandu ta miji ce, kuɗin hannu kuwa in miji ko ƙane ya san da su, an ranta ke nan. Kwano fa? Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba a yi masa kiwo, kuma kowa a gari ya san nata ne tun da a gaban shaidu aka jera shi. In yaro ya kwanta ciwo, ta zare ɗaya daga ƙasan layi ta aika kasuwa. In ta samu ribar ƙuli-ƙuli ta mayar da wani. In aure ya mutu ta kwashe kayanta, ba mai cewa uffan. In kuma Allah ya raya ɗiyarta, rabin jeren ɗiyar daga bangon uwar zai sauko. Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a Maraɗi ta fitar da littafi a 1997 kan aure daga 1900 zuwa 1989, ta nuna yadda kayan aure suke auna darajar mace da yawan jama'arta. Ni abin da zan ƙara shi ne kwano dukiya ce mai rabuwa. Ana tara ta ɗaya-ɗaya, ana kashe ta ɗaya-ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta yaya ake haɗa kuɗin? Hanya uku ce tun da, har yau kuma su ne. Ta farko kiwo: a saya wa yarinya ƴar akuya, ta haihu, a bar matan, a sayar da mazan in salla ta matso. Ta biyu biki, wanda a bakin iyayenmu mata ma'anarsa ta wuce shagali. Biki bashi ne mai ladabi. Na kawo miki dala ashirin ranar sunan ɗanki, ke kuma ranar auren ɗiyata ki kawo dala arba'in, a yi ta ninkawa har abin ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa. Macen da ba ta taɓa shiga lakkwal ba tana riƙe da lissafin mutum hamsin a ka, ba ta ɓata ko ɗaya. Ta uku adashi. Mata ashirin, kowace ta zuba dala ɗari duk mako, ɗauka ɗaya jikka goma ke nan, mai aure a gaba kuma ta roƙi uwar adashi a sa ta kusa da lokacin. Da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da yawa, bisa wannan tsohuwar dabara ta gina shi.

Ga wanda bai saba da ƙirgarmu ba: dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, dala ashirin ita ce 100, dala ɗari 500, jikka 1,000. Sai ka ga ɗan lakkwal ya iya lissafin Faransanci amma tsohuwa mai goro ta rikita shi. Kuma dalar nan da dalar gyaɗa ta Kano a rubuce ne kawai suka zama ɗaya, a baki kowa ya san bambancinsu.

Bayan mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa, aka kuma yi masana'antar mai a Magariya. Shekarun nan ne gadon ƙarfe ya shigo ƙauye, mai rumfa, wani har da madubi, a jibga masa katifa da matasai har sai an taka kujera kafin a hau. Gadon kara da gadon ƙasa suka zama na tsofaffi. Amma daɗin bai daɗe ba. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manoma suka koma gero da wake. A yunwar 1984 jere da yawa ya sauka daga bango ya tafi kasuwa, aka sayi hatsi. Gidajen da suka sha da kwanon matansu ba su taɓa kiransa almubazzaranci ba.

Daga nan lissafin kayan ɗaki ya koma hannun ƴan canji. Najeriya ta bar fam ta kama naira a 1973, kuɗin man fetur ya cika ta, masana'antun Kano suna fitar da katifar soso da roba da atamfa. Iyayenmu sefa suke samu ko naira, amma kusan duk abin da za su saya daga kudu yake zuwa, ta Ɓaɓura ko ta Maigatari mai ci ranar Alhamis. A 1980 naira ɗaya a hukumance ta fi dalar Amurka ɗaya. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Buhari ta canza takardun naira ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, wanda ya ɓoye tsohuwar naira a tukunya a wannan gefen ya tashi da takarda. A 1986 ɗin Babangida ya saki naira ta fara gangara, mai sefa ya zama sarki a kasuwar Kano. Sai ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da take 50 ta koma 100. Uwar da ta shekara uku tana adashi ta wayi gari kuɗinta sun rage ƙarfi, alhali ko sunan Dakar, inda aka yanke shawarar, ba lalle ta taɓa ji ba. Abin da mata suka koya daga nan, kuma suna da gaskiya, shi ne kada kuɗi su kwana. Da an ɗauki adashi a mayar da shi kaya.

Harshenmu ya ajiye shaidar wannan zama tsakanin ƙasa biyu. Katifa da tasa da fitila tsofaffin baƙi ne daga Larabci. Kabad, leda, kafet, bokiti, falo, kula, duk ta Kano suka hau, daga Ingilishi. Almuwar, bufe, salon, tabul, tol, ta Damagaram da Yamai suka gangaro, daga Faransanci. A Dungas za ka ji mace ɗaya ta ce kabad da safe, ta ce almuwar da marece, ya danganta da wanda take ciniki da shi. Lefe ma, wanda asalinsa kwando ne na kaba, ƴan birni sun mayar da shi baliz. Kwano kuwa ya hau sama ya zama rufin ɗaki.

Shigowar katako ita ce ta fi sake lissafin, don ta taɓa har ginin. Kabad ba ya jingina da bango zagaye. Gado mai faɗi ba ya shiga ƙaramar ƙofar zana. Katako ba ya shiri da daɓe mai danshi, ba ya shiri da rufin da ke yoyo. Saboda haka a ganina kayan amarya ne suka tilasta wa ango ya gyara ɗaki, ko da akwai wasu dalilan kamar ƙarancin ciyawar jinka da gudun gobara. Yanzu kafin a tsaida rana, gefen ango zai zauna ya ƙirga: bulo ko tubali, buhun siminti nawa na ƙasa da shafe, bandir ɗin kwano, katakon rufi, ƙusa, ƙofa da taga na ƙarfe daga mai walda, fenti, ladan magini. Masu dabara rufi suke fara yi, sannan ƙasa, sannan ƙofa, fenti a ƙarshe in kuɗi sun rage, kuma suna yi da rani, bayan kaka, lokacin da wake da riɗi suka shiga kasuwa kuma ɗan cin rani ya fara aiko da abin da ya samu. Marasa dabara su fara da fenti don dangin amarya za su zo gani. Gefen amarya kuma sai sun aiko an auna ɗakin da igiya ko da taku kafin su ba kafinta aiki. Na san auren da aka kusa fasawa saboda almuwar ta fi rufi tsawo, kowane gefe yana cewa ɗayan ne ya raina shi.

Masu suka ba yau suka fara ba. A zamanin Seyni Kountché hukuma ta yi ƙoƙarin taƙaita kashe-kashen kuɗin aure. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, wa'azinta ya ƙetaro iyaka yana kiran a rage bidi'o'in biki. Adeline Masquelier ta rubuta yadda matan Dogon Dutsi suka ƙi sakin maganar gado duk da wa'azin malamai, har ta sa tambayarsu ta zama kan rubutun nata, wato yaya za a yi yarinya ta yi aure ba gado. A Kano ma, da gwamnati ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, sai da ta haɗa da gado da katifa, ta sake yin haka a 2023 ga ma'aurata 1,800. Ke nan ita ma ta yarda nan ne gizo yake saƙa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, daga sadakin da amarya ta karɓa ake sa ran ta yi kayan ɗakinta gwargwadon al'ada. Ku gwada sadakin da ake bayarwa yau da kuɗin gado da katifa kaɗai, za ku ga gibin da uwa take cikewa. Mu da muke kukan tsadar aure ba mu cika ƙirga wannan ba.

Inda nake tare da masu suka shi ne nan. Na ce kwano dukiya ce mai rabuwa. Saitin gado da almuwar da madubi ba ya rabuwa. Ba a sayensa ɗaya-ɗaya cikin shekara goma, don yayi zai wuce shi, ajiyarsa ma ina? Dole a biya shi a dunƙule cikin wata biyu ko uku, kuma abin da ake biya a dunƙule shi ke kai mutum ga sayar da tunkiya duka, ko jinginar da gona, ko bashi. In kuma ciwo ya zo, ba a ɓalle ƙofar almuwar a kai kasuwa. Ga shi yawancin na yanzu garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da fallen roba mai sheƙi. Damina biyu a ɗaki mai danshi ya kumbura, gara ta gama da sauran. (Gara mai cin katako nake nufi, ban da garar da ake kai wa ango, ko da yake ita ma tana cin nata rabon a aljihun uwa.) Ranar da aka tashi sayarwa, dillaliya za ta taya abin da ko rabi bai kai ba. Tsarin da aka gina don mace ta samu abin dogaro ya koma yana cinye abin dogaron uwarta, ita kuma ɗiyar abin da ta samu ba ya ajiyuwa.

Iyaka kuma ba ta daina wasa da lissafin ba. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe ta, kaya suka koma bin hanyar daji bisa babur da amalanke, kowane shinge da kuɗinsa. A gefe guda naira ta faɗi warwas: jikka ɗaya ta sefa da take wajen naira 330 a 2014 ta haura naira 2,000 a 2024. Mai jin haka zai ce to ai kaya sun yi arha ga mai sefa. Sai dai farashi a Kano ya bi ta da gudu, musamman bayan cire tallafin mai a Mayu 2023, kuma gidaje da yawa a Dungas da Magariya naira ce kuɗin shigarsu, daga ɗa mai tura baro ko mai sayar da shayi a Kano da Legas. Shi abin da ya aiko ne ya ƙanƙance.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa da ƙarfi. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu. Talauci da yunwa da ƙarancin gona ne manyan dalilan wannan tafiya, kuma ba na ɗora wa mamatan wani dalili daga bakina. Amma ni da kunnena na ji wata mata a garinmu, da ake hana ta tafiya irin wannan, tana cewa ɗiyarta ta isa aure, da me za ta kai ta ɗaki.

Wasu iyaye mata a ƙauyukanmu sun fara wata dabara da ba wanda ya yi musu wa'azinta. Suna sayen gado da katifa masu ƙarfi, su bar kafintan gari ya yi ƙaramin kabad na katakon gaske, ragowar kuɗin kuma su saya wa amarya tunkiya biyu ko keken ɗinki, wasu ɗan kunnen zinariya. Ranar jere ana ɗaure tumakin a ƙofar ɗaki inda dangin ango za su gani, a ƙirga su cikin kaya kamar yadda ake ƙirga langa a da. A wani biki da na je a ƙasar Bande bara, wata tsohuwa da ta leƙa ɗakin ta ce ba a cika shi ba, wata kuma ta nuna mata turken, ta ce ta sake ƙirgawa in an yi wata shida.